Baba Mita da Unguwar Ƙarƙashin Gajimare

Tun yana zanen goyo aka san wannan ba mai zama ba ne. Mahaifiyarsa ta sha faɗa cewa in ta ajiye shi a tabarma ta juya ɗauko ludayi, kafin ta waiwayo ya kai ƙofar gida yana gaisawa da awaki. Makaranta kuwa bai yi mata rashin kunya ba, ya je, ya zauna a bencin baya kusa da taga har aji biyu na sakandare. Wata rana ya bi tagar da ido, washegari ya bi ta da ƙafa, shi ke nan aka rufe wannan babi. Ya yi kwandasta, ya yi tallan batir, ya yi wata uku a shagon tela inda ya ɗinke wa wani bawan Allah aljihun wando ruf saboda hankalinsa na kan titi. Daga ƙarshe ya faɗa aikin da aka yanka daidai jikinsa: karatun mitar lantarki. A ba ka littafi da biro da tocila, a ce bi gida-gida, leƙa bango, rubuta lamba. Shekara ashirin da tara yana wannan, har sunansa na yanka ya ɓace a bakin mutane ya koma Mita. Da furfura ta fito aka ƙara masa Baba a gaba.

Unguwarsu kuwa ba ta baƙo ba ce. Lunguna ne kamar hanjin kaza, wani ya shige cikin wani, wani ya yi kamar zai kai ka titi sai ya ajiye ka a bayan banɗakin mutane. Baba Mita ya haddace su duka. Ya san gidan da mitarsa ke bayan kejin kaji, da wanda sai ka taka turmi kafin ka hango lamba, da gidan da karensu ba ya haushi sai ka ba shi baya. Ya san lungun da in ka shiga da laima a buɗe, to ka yi mata bankwana.

Sai aka kawo mitar kati, wadda ba ta buƙatar kowa ya zo ya karanta ta. Aka yi masa ritaya, abokan aiki suka haɗa masa agogon bango, don ya ji daɗin kallon lokacin da ba shi da abin yi da shi. Mako biyu ya yi a gida. Ya gyara ƙofar da ba ta lalace ba har ta lalace. Ya sauya wa randa wuri sau uku.

“Malam,” in ji matarsa, “don girman Allah ka fita.”

“In je ina?”

“Ko'ina. Ni dai in daina jin takunka a bayana.”

'Yar autarsu ce ta raba rigimar. Auta ma'aikaciyar lafiya ce a ƙaramin asibitin unguwa, cikin masu bin gida-gida suna duba masu jego da awon jarirai. Duk wata uku ana buga musu taswira a asibiti, kuma a taswirar nan unguwarsu fili ce fari fat, titi ɗaya ya ratsa ta tsakiya. Sababbin ma'aikata sukan shiga da safe su fito da azahar ta inda suka shiga, ba su ga jariri ko ɗaya ba. A zagayen da ya wuce gida tara aka rasa.

“Baba, taswirar nan fa kowa na iya gyara ta,” in ji ta. “Akwai 'yan sa-kai da ke haɗuwa a laburare ranar Asabar. Kai da ka san lungunan nan kamar yunwar cikinka, ka je ka zana mana su mana.”

Kafin ta rufe baki ya ɗauko hula.

Ɗaki ne a bayan laburaren, kwamfuta shida, biyu suna hutu tun bara, da fanka mai juya kai da ta ɗauki gaba da rabin ɗakin. Shugabar 'yan sa-kan wata malamar sakandare ce mai ajiye tabarau a goshi, kowa Malama yake ce mata. Ta yi bayani: taswirar ta kowa ce, kowa ya zana, kowa ya ɗauka kyauta. Ana shimfiɗa hoton garin da aka ɗauka daga sama a fuskar kwamfuta, kai kuma ka bi hanyoyi da rufin gidaje kana ja musu layi. Sannan ta ɗaga yatsa.

“Doka ɗaya ce. Ko dai abin da ƙafarka ta taka, ko hoton da masu shi suka ba da izini a rubuce cewa a zana a kansa, irin wannan da ke gabanku. Duk wani hoto daban, kalle shi ka wuce.”

Baba Mita ya ce to. Amma a lokacin kokawa yake da ɗan ɓeran nan na kwamfuta, wanda in ya tura shi gabas sai kibiyar ta nufi kudu.

Da ya shawo kan ɓeran ya nemo unguwarsu, sai ya ga dalilin farin filin. Ranar da aka ɗauki hoton, wani gajimare ya zo ya kwanta a kan unguwar, ya rufe ta ruf daga taransifoma har kwalbati.

“Duk faɗin saman nan,” in ji shi, “bai ga wurin shan iska ba sai kan gidana?”

“Sai haƙuri, Baba. Shekara huɗu ke nan muna jiran sabon hoto.”

Ya ce ai shi ba ya buƙatar hoto, unguwar na cikin kansa. Ya gwada. Ashe kai ya san kwana, bai san tsawo ba. Lungu biyu da a ƙasa suke haɗuwa, a kwamfuta suka wuce juna ba ko sallama. Injin markaɗe ya faɗo tsakiyar titi. Ya goge, ya sake, ya goge, ya tashi ya zaga ɗakin sau biyar yana tsaki.

A hanyar gida ya tsaya wajen abokin tsokanarsa, mai gyaran waya na bakin titi, yana ba shi labarin gajimare. Mai Waya ya yi dariya ya ce, “Tsoho, zo ka ga kanka.” Ya buɗe taswirar wani babban kamfani a waya, ya latsa nan ya latsa can, sai ga unguwar tar kamar a tafin hannu. Ga kwanon gidan Baba Mita, ga tsohuwar tayar da ya danne kwanon da ita, ga shanyar matarsa a igiya.

“Wannan hoton na wa ne?”

“Na kowa. Yana cikin kowace waya, ba a biya.”

Yatsan Malama ya ɗan gifta masa a rai. Amma nan take ya yi wa kansa fatawa: abin da Malama ta hana shi ne sa wani hoto a kwamfuta, shi kuwa ba zai sa ba. Ya sayo takarda mai shara-shara irin ta masu zanen gini, da fensir uku. Ya ari babbar wayar Auta. Sai ya ɗora takardar a kan gilashin wayar ya bi lungu da fensir, ya matsa hoton, ya ɗora wata. Da safe kuma, lokacin Malama na aji, ya tafi laburare ya manna takardar da salatif a fuskar kwamfuta, ya daidaita ta da taransifoma da kwalbati tunda su suna gefen gajimaren, ya bi layin fensir da ɓera. A lissafinsa, abin da ya bi ta fensirinsa da guminsa ya zama nasa.

Mako bakwai ya yi a haka. Karo na farko a rayuwarsa ya zauna wuri ɗaya har ƙafa ta yi masa nauyi, matarsa ta zo ta dafa goshinsa ta ji ko zazzaɓi ne. Lungu ɗari biyu da goma sha huɗu, kowanne da sunan da mutane ke kiransa. Auta ta gani ta yi tsalle, ta je ta shaida wa shugabarsu cewa wannan karon taswira cikakkiya za a buga, aikin babanta ne. Aka sa ranar Alhamis za a buga, ga gida talatin da bakwai masu sababbin jarirai suna jira a takarda.

Asabar ɗin da ke gaban wannan Alhamis, Malama ta zauna duba aikin. Ta sauko da tabarau daga goshi, abin da ba ta cika yi ba. Ta daɗe.

“Baba, sannu da ƙoƙari. Amma ta yaya ka ga ƙarƙashin gajimare?”

“Shekara ashirin da tara, Malama. Ido rufe ma zan zana.”

“To wannan dogon shagon da ke kusa da famfon unguwa, na wa ne?”

Ya sunkuyo. Ga gini nan dogo, siriri, kusurwa huɗu cas, shi ya zana shi da hannunsa. Ya buɗe baki zai faɗi sunan mai shi, sai ya ga babu suna. Babu wani shago a wurin. Fili ne, nan yake jingine kekensa shekara da shekaru.

Malama ta fito da wayarta, ta buɗe hoton nan mai kyau, ta ajiye a gabansa. Tirela ce. Ranar da aka ɗauki hoton wani direba ya faka ta a wurin, mai yiwuwa ya tafi neman abinci, Baba Mita kuma ya bi rufinta da fensir ya mayar da ita shago.

Wani a kwamfutar ƙarshe tari ya kama shi ba shiri.

Baba Mita bai ɓoye ba, ya zaro takardunsa daga jaka ya baza. Sannan ya hau bambami.

“To yanzu laifin me na yi? Kwanon gidana ne! Ni na saya, ni na hau na buga ƙusa har na fasa yatsa. Wani ya bi ta sama ya ɗauka bai ko yi sallama ba, yanzu kuma ni ne zan je neman izini?”

“Kwanon naka ne, Baba. Hoton nasu ne. Sun ce a kalla, ba su ce a kwafa ba. A rubuce yake.”

“Ai ban kwafa ba. Ta fensir ya bi.”

“Da kana aiki, in wani ya leƙa littafinka ya kwashe lambobin da nasa biron, ya kai ofis ya ce shi ya zaga, me za ka ce masa?”

Ya gyara hula.

Ta ci gaba a hankali. In masu hoton suka gano suka yi ƙorafi, ba lungunansa kaɗai za a cire ba, har duk abin da wasu suka zo suka ɗora a kai daga baya. Asibiti da masu kashe gobara da kowa suna ɗaukar taswirar ne don sun yarda babu kayan wani a ciki.

“Amma ba zan iya bin lungu ɗari biyu ɗaya-ɗaya ba,” in ji ta. “Kai ka sani. Ka ware mini wanda ka zana daga saninka da wanda ka bi a hoto. Abin da ka faɗa shi zan ɗauka. Litinin bayan an tashi makaranta ina nan.”

Lahadin nan ba wanda ya huta a gidan. Ya fita ya dawo, ya fita ya dawo, har kajin suka daina kauce masa. Ya je wajen Mai Waya don ya sauke masa laifi, Mai Waya ko ɗago kai bai yi ba daga wayar da yake kwancewa.

“Haba tsoho, abin ma da sauƙi. Ka ce tirelar ce kaɗai. Wa zai sani? Masu hoton suna can wata uwa duniya, sun san da zaman lungunku ne?”

“Kai dai ka cuce ni.”

“Ni na ce ka gina wa tirela shago?”

A gida Auta ba ta ce masa ya je ya yi wa Malama ƙarya ba. Ta dai zauna a bakin ƙofa tana goge takalmin aiki, ta ce, “Baba, Alhamis fa za a buga. Na riga na faɗa wa shugabarmu.” Ta sake cewa, “Gida talatin da bakwai.” Ba ta dube shi ba.

Ya shiga ɗaki ya baza takardun a tabarma, wai zai yi kashi biyu: na kai a dama, na hoto a hagu. Ya ɗauki ta farko. Lungun nan ya taka shi ya fi sau dubu, ya san ramin da ke tsakiyarsa, ya san tsohuwar da ke zama a ƙarshensa. Amma layin da ke takardar, tsakani da Allah, gilashi ya bi. Hagu. Ta biyu, hagu. Ya ɗauki ta ƙofar gidansa, ya juya ta, ya ɗaga ta a haske, ya ajiye a dama. Ya tashi ya sha ruwa, ya dawo ya mayar da ita hagu. A zamanin aiki akwai abokansa da ke zama gindin bishiya su cika littafi da lambobin da suka ƙirƙira, su koma ofis takalmi fes. Shekara ashirin da tara yana yi musu dariya, yana ce musu masu karatu daga nesa. Da ya gama rabon, dama babu komai sai tabarma.

Litinin ya riga Malama zuwa, yana ta safa da marwa a baranda.

“Goge,” in ji shi.

“Wanne da wanne?”

“Duka. Sunayen dai nawa ne, suna cikin littafina, ba wanda ya ɗauke su daga sama.”

Ta dube shi ta saman tabarau, ta latsa abu biyu ko uku. Unguwar ta koma fari fat.

“Ikon Allah,” in ji Baba Mita. “Mako bakwai, ko atishawa bai kai ba.”

“Kawo wayarka,” in ji Malama.

Ta sa masa wata manhaja mai bin sawu. Ka latsa, ka sa a aljihun gaba, ka yi tafiya, ita kuma ta ja layi duk inda ka taka. Wannan layin naka ne, ba mai tambayarka takarda. Ta ce ya bi tsakiyar lungu, kuma kowanne sau biyu, zuwa da dawowa, don in rufi ya matse sama wayar kan rikice.

Ya fita daga nan bai koma gida ba sai magariba. Talata da Laraba tun da hantsi. Sai dai ƙafar da ta yi shekara ashirin da tara ba ita ce ta yau ba, gwiwar hagu ta fara ƙara kamar ƙofar da ya gyara. Ga jama'a. Duk taku goma sai an tare shi: “A'a, Baba Mita! An dawo da karatun ne?” Ya tsaya gaisuwa, ya shiga ganin mara lafiya, a ja shi ya duba soket. Da ya kai wa Malama sawun farko, layin ya yi ƙulli-ƙulli kamar zaren da kyanwa ta yi wasa da shi.

“Nan me ya faru?”

“Barka na shiga.”

“Nan fa?”

“Kare.”

Ta koya masa dakatar da manhajar in zai tsaya. Daga nan ya riƙa ɗaga wa mutane hannu yana cewa, “Ina kan layi, ina kan layi,” har aka fara raɗe-raɗin ritaya ta taɓa shi.

Zuwa yammacin Laraba ya haɗa lungu hamsin da takwas. Alhamis aka buga. Kashi ɗaya cikin huɗu na unguwar ya fito da layuka da sunaye, sauran fari. Cikin gida talatin da bakwai, ashirin da uku suna cikin farin. Shugabar Auta ta ɗaga takardar a gaban kowa ta tambaya ko wannan ce cikakkiyar. Auta ta dawo gida ta gaishe shi gaisuwar baƙo, ta shige ɗaki. Matarsa ta kawo masa ruwan zafi da tsumma don gwiwa, ta ajiye da ɗan ƙarfi.

Asabar da safe ma'aikatan suka fito ƙofar asibiti, Auta da wasu sababbi guda uku, da sikelin awo da akwatin magani. Suka tarar da shi a tsaye jikin get, ya ɗaure gwiwa da bandeji, waya a aljihun gaba.

“Baba, me kake yi a nan?”

“Ba ni takardar gidajen.”

Ta miƙa masa. Ya bi sunayen da yatsa yana gyaɗa kai, yana gunaguni: wannan jikar mai injin markaɗe ce, wannan ai sun tashi sun koma bayan famfo, wannan sai an buga ƙofa da dutse don kakar ba ta ji.

“Na cikin taswira ku bar su sai gobe, ba za su ɓace muku ba. Yau farin za mu ci. Ku biyo ni, amma kar wadda ta sha gabana, kuma kar wadda ta tsayar da ni, ina kan layi.”

“Gwiwar fa?” in ji Auta.

“Gwiwar ta ji.”

Ɗaya daga cikin sababbin ta matso ta ce a hankali, “Anti, wannan ɗin shi ne taswirar?”

“Ɗauki sikelin ke dai,” in ji Auta.

Ya latsa wayar, ya gyara mata zama a aljihu, ya tsallaka titi yana ɗingishi, ya kutsa wani ɗan tsukin da ke tsakanin shagon aski da katanga, wanda dukansu suka ɗauka kwata ce. Sai muryarsa suka ji daga ciki.

“Mai akwati, juya shi a kaikaice! Gida na farko taku arba'in ne.”